Mangwaron da Baba Ya Tumɓuke

Jiya a kasuwar Kurfi warin ɗanyar albasa ya tuno mini da marigayi Babanmu.

Da ruwan Zobe ya jawo baƙi masu noman rani, Baba ya ara wa wani daga cikinsu gonarmu ta bakin dam, amma bai taɓa sakin jiki da shi ba. Yakan ce, "Baƙo ya shuka albasa, kada ya dasa icce. Mai icce, gobe shi ke da gona."

Wata safiya na raka shi gonar, ƙafafunmu duk taɓo. Sai ga ɗan mangwaro ɓoye tsakiyar albasa.

"Inuwa kawai nake so, Alhaji," in ji mutumin.

"To, hularka fa?" in ji Baba, ya tumɓuke mangwaron.

Maƙwabta suka ce ya cika zargi. Yau gonakinsu lambunan baƙi ne, tamu kuwa tana hannunmu. Allah Ya haskaka kabarinsa.