Kujerar Monsanyar a Tashar Tasawa

Shekarar fari ce, soja ke mulki, tashar Tasawa cike da masu gudun yunwa. Wani kafinta mai furfura yana tsaye cikin rana, dafe da doguwar kujera naɗe da buhu. Tun hantsi bai zauna kanta ba. Ina jin kuɗin hatsin gidansa na cikin kujerar nan.

Na ce, "Baba, ta wa ce?"

"Ta Monsanyar, babban limamin Kirista. Wai duk majami'ar da kujerarsa take, ita ce katedaral, wato uwar majami'u, ko da bukka ce."

Wata tsohuwa ta sulale ƙasa. Kafintan ya kwance igiyar buhun, ya ɗora ta kan kujerar, yana mata fifita da hularsa.

Mu dai kallo muke. Ba mai ƙarfin tambaya ko tashar ma ta zama katedaral yanzu.