Gefen Taya Na Ciki

Tun da na haifi ɗiyata ruwa nake tsoro. Innata tana zaune a wani ƙauyen masunta a bakin tafki, can wajen Ngaski, ni kuma aure ya kawo ni Yelwa. Da can kwalekwale nake shiga in je ganinta, ban damu ba, ai a cikinsa na tashi. Amma da na fara goyo, in jirgi ya ɗan karkata sai in riƙa tunanin yadda zan kwance zanen goyo in mun kife. Shi ya sa ranar da maigidana ya bar kabu-kabun babur ya shigo da mota, na fi shi murna.

Motar tsohuwa ce, amma lafiyarta ƙalau. Yana kai fasinja Wara da ƙauyukan kusa, ranar kasuwa ya dawo da kwandunan busasshen kifi, har warin ya kama kujeru. Sai abokansa na tasha suka shiga wani yayi, na zaunar da mota ƙasa. A cire sifirin da shakazoba na asali, ƙarafan da ke ɗage motar a kan tayoyi, a sa gajeru na kasuwa, motar ta durƙusa kamar za ta lashi kwalta. Wai irin su ake nema ranar kai amarya, su ne samari ke ɗauka a waya.

Wata la'asar ya kira ni daga ƙofar gida.

"Ke, fito ki ga aiki."

Na fito da ɗiyata a kafaɗa, na duba. Na ce, "Maigida, ai kamar ta gaji ne ta zauna."

Ya yi dariya. "Ɗiyar masunta ke nan. Mi kika sani ga mota?"

Gaskiyarsa, ban san komai ba, ban kuma yi nisa a makaranta ba. Ido dai nake da shi. Tayoyin gaba ba su tsaya yadda na saba ganinsu ba. Samansu ya sunkuyo ciki, ƙasansu ya buɗe waje, kamar ƙafafun maraƙin da aka haifa yanzu. Ranar da ya kai mu rigakafi kuma na lura hanya miƙe take, amma sitiyari a karkace yake riƙe da shi. Da ya saki hannu ɗaya don ya amsa waya, sai motar ta fara jan kanta gefe a hankali.

Na tambaye shi. Ya ce bakaniken da ya yi aikin ya faɗa masa tun ranar, wai in an rage wa mota tsayi zaman tayoyi kan canza, sai an kai ta Kontagora an saita mata ƙafa a na'ura.

"To yaushe za ka kai ta?"

"In aiki ya lafa."

Lokacin an yanke shinkafa, biki ko'ina. Aiki bai lafa ba.

Ita yarinyar ce ta sa na ga abin. Ta fara tafiya, ba ta zama wuri ɗaya. Wata rana ta bi ɗan tsako har ƙarƙashin motar, na durƙusa na zura hannu in jawo ta, sai wani abu ya soke ni a yatsa. Na kwantar da kai ƙasa na leƙa. Daga waje tayar nan kamar sabuwa, zanenta duk yana nan. Amma gefen ciki, inda ba mai gani, ya suɗe sumul, siraran wayoyi sun fito kamar gashin bushiya. Na zagaya ɗaya ɓangaren, ita ma haka.

Da ya tashi daga barcin rana na nuna masa yatsana, na ce ya duba da kansa. Bai so durƙusawa a gabana ba, amma ya yi. Ya daɗe a ƙasa. Da ya miƙe bai yi dariya ba, har na ji sanyi a raina. Ya ɗauki makulli ya fita.

Ashe wurin mai faci ya je, aka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Haka duk 'yan tashar ke yi.

"Shi ke nan, hankalinki ya kwanta?" in ji shi. "Gaba ce ke da aiki. Na baya bi kawai suke yi."

"Wayoyin fa?"

"Suna baya, na ce miki."

Mutum ya saurare ka, ya fita cikin rana ya yi wani abu, da wane baki za ka ce bai isa ba?

Sai lokacin yaye ya zo. A wurinmu kaka ake kai wa yaro ya zauna har ya manta da nono. Inna ta aiko cewa ta shirya, in biyo jirgin kasuwa. Na ce a'a, mota za mu shigo. Maigida ya cika but ɗin bayan motar da buhunan shinkafa na wani ɗan kasuwa, ya ɗora ɗaya a kujerar gaba, tunda hanyar ɗaya ce. Motar ta ƙara zama ƙasa. Na shiga baya da ɗiyata a cinya, ina sane da abin da ke ƙarƙashina ta dama da ta hagu, sai na zauna a tsakiya.

Hantsi ya yi zafi sosai. Mun bar gari, mun wuce gonaki, yarinyar tana wasa da ɗan kunnena. A kowane rami sai cikin motar ya goga ƙasa. Ƙarar fashewar tayar baya da na ji ba ta kai yadda nake zato ba, kamar an fasa leda ne. Sai bayan motar ya wulƙito gaba. Na ga itacen da muka wuce ya dawo gabanmu, na ji maigida yana salati, sannan muka gangara gefen hanya muka kwanta a kan ƙofa.

Ni goshi kawai na fasa. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ɗiyata ce ta kuɓuce mini, ƙafarta ta shiga tsakanin kujera da ƙofa. Ba ta yi kuka nan take ba, kallona kawai take yi.

Cinyarta ce ta karye. Mun daɗe a asibiti. Yaye dai ba a yi ba, domin nono kaɗai ke sa ta yi shiru in ana taɓa ƙafar. Inna ta zo ta zauna da mu, ba ta tambayi kowa yadda aka yi ba. Sau ɗaya ta dubi surukinta yana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Shigo mana, ɗiyarka na nemanka." Ya shigo, ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai.

Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta. In tana gudu da yara sai ka ga kafaɗarta ɗaya tana sauka. Takalmin wannan ƙafar kullum shi ke fara cinyewa. Babanta ya koma kabu-kabu, ba ma maganar motar a gida. In za mu je nesa da ƙafa, tun ba ta ce ta gaji ba yake ɗaukarta.

Har yanzu ranar biki ina ganin irin motocin nan suna wucewa a jere, cikinsu na goga ƙasa, yara sun leƙo ta taga suna waƙa. Sai in shige ɗaki.

Ke da kike karanta wannan, ko ake karanta miki, in an zaunar da motar gidanku ƙasa, ki durƙusa ki zura hannu ki shafa gefen taya na ciki, duka huɗun. In kin ji ya suɗe, kar ki yarda a mayar da ita baya. A cire ta, a kai motar a saita mata ƙafa, kafin ki sa yaronki a ciki.