Shafukan da Malam Jethro Ya Tsallake

A da, duk Asabar, Malam Jethro zai goge takalminsa, ya hau keke daga unguwar Television zuwa inda ake bikin sallamar ma'aikaci. Shekara talatin ya koyar da Turanci, shi ya sa shi ake nema ya karanta sayiteshan. Ga wanda bai sani ba, sayiteshan yabo ne na takarda da ake karantawa a bainar jama'a, wanda ake yabon kuma yana tsaye har a gama. Galibi marubucin kansa yake yabo. A na matata, Allah ya ji ƙanta, sai a shafi na uku sunanta ya fito.

Bara a unguwar Barnawa aka sallami Baba Yohanna, maigadin wata makaranta, bai daɗe da tashi daga shanyewar ɓarin jiki ba. Shugaban kwamitin bikin, Mista Alexander, ya miƙa wa Malam shafi bakwai.

"Malam, kada ka tsallake ko waƙafi. Kwana uku na yi a kansa."

Aka kawo wa Baba kujera, ya ture. "A zaune za a yabe ni? Jikokina suna kallo."

Malam ya fara. Shafin farko tarihin kwamiti ne. A na biyu ya ɗaga ido, ya ga sandar Baba tana rawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. 'Yarsa Maryam ta yunƙura, tsohon ya harare ta, ta koma. Malam ya san in Baba ya faɗi a nan, faɗuwar kawai za a tuna, ba aikinsa ba. Ga Alexander yana bin nasa kwafin da yatsa, layi bayan layi.

Sai Malam ya ninke takardun, ya juya Hausa.

"Baba Yohanna ya tsare ƙofa shekara talatin da biyar, yaro bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ranar da gari ya rikice, ya kulle ƙofar ya tsaya a bayanta har iyaye suka zo, bai tambayi ɗan waye ba. Baba, mun gode. Zauna."

Tsohon ya zauna da kansa, ba wanda ya riƙe shi. Kafin tafi ya lafa, Alexander ya iso.

"Malam! Ina sauran shafukan?"

"Ranka ya daɗe, adana su. Ranar taka sai mu karanta."

Kwamitin bai sake kiransa ba, wasu kwamitoci biyu ma suka bi sahu. Yanzu Asabar da yawa a gida take samunsa.

Malam Jethro, kai ne mai karatu da ido biyu, ɗaya a takarda, ɗaya a kan mutum. Babu wanda zai rubuta maka shafi bakwai, wannan guntun ka samu, kuma ka karanta shi a zaune. Mun gode. Ku kuma masu riƙe makirfo, in kuna yabon tsoho, ku riƙa duban gwiwarsa.