Ƙashin Inna da Shinkafar Fadama

Karayar farko da Inna ta yi ba faɗuwa ta yi ba. Sunkuyawa ta yi za ta ɗauki tulu, sai wuyan hannunta ya ce ƙas. Ina ɗakin mijina a Ƙanƙara aka yi mini waya, na ce ai tsufa ne, alhali lokacin mahaifiyar tawa ba ta ma daina zuwa gona ba.

Ƙauyenmu yana bayan Mairuwa, kuma a can in an karye ba a tunanin asibiti, maɗori ake kira. Namu dattijo ne, gado ya yi. Ya zo da karansa da tsummansa ya ɗaure hannun, ya yi tofi, ya ce a ba ta abinci mai kyau. To mu abinci mai kyau ɗaya muka sani, shinkafar fadamar Inna. Muka dinga ɗura mata, tuwo da rana, dafa-duka da yamma, har da alayyafon bakin fadamar.

A saman fadamar nan akwai kududdufin da yayana da abokansa suke wankin zinariya. Daga ramukan wajen Sabuwa suke kawo dutsen a buhuna, su niƙa a inji, su wanke a nan, ruwan ya gangara cikin shinkafa. Shekara da shekaru ana haka. Wallahi har murna muke yi, wai fadamarmu ba ta bushewa da rani.

Hannun bai gama warkewa ba, tari ya karya mata haƙarƙari. Sai ta fara tafiya irin ta agwagwa, tana dafe da ƙugu. Ranar da na je gida na tsaya kusa da ita, sai na ga matar da na tashi ina ɗaga kai in kalle ta yanzu a kafaɗata ta tsaya. Karo na uku tasowa ta yi daga sujada, ƙashin cinya ya tafi.

Maɗori ya zo ya shafa ƙafar, sannan ya tattara karansa.

"Baba, ba za ka ɗora ba?" na tambaye shi.

"Ɗiyata, wanga ƙashi gara ta cinye shi ta ciki. In na ja, wani wurin zai ɓalle. Ku kai ta asibiti. Kuma ba ita kaɗai ba ce a unguwar nan."

Ni da yayana muka kai ta asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini da fitsari. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta tambayi abin da Inna ke ci da inda ruwan gonar yake fitowa. Yaya ya taka mini ƙafa, don an hana haƙar kuma yana tsoron hukuma. Na ce masa ya ɗauke ƙafarsa ko in tara masa jama'a. Uwarmu tana kwance, shi yana ta ramin zinariya? Na faɗi komai, ban rage ba.

Ta ce guban ƙarfe ne, kadmiyam ake ce masa. Shinkafa tana zuƙarsa daga ruwa, ya taru a ƙoda, ƙodar ta lalace ta riƙa zubar da abin da ke gina ƙashi ta fitsari. Ta ce in ya shiga jiki ba ya fita da sauƙi. Ta rubuta ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi, ta ce a ba ta nono, a fito da ita hantsi, a raba ta da shinkafar nan har abada. Ta ce ni ma in zo a gwada ni, na yi kamar ban ji ba. Da za a sallame mu ta ja mini kunne, ta ce kada mutum ɗaya ya kuskura ya ɗaga ta, sai dai mutum biyu, a kan zane.

Na dawo da Inna gidana a Ƙanƙara. Magani tana sha ba musu. Wanka ne ya zama rigima. Mijina surukinta ne, ko idonsa ba ta iya kallo, balle ya taɓa ta. Na ce bari in kira maƙwabciyata ta kama mini, ta juyar da kai bango.

"Na haifi ɗiya mace, sannan bare ta ga tsiraicina? Gara in ruɓe a nan."

Kwana uku ina goge ta da tsumma muna wannan ja-in-ja. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata taurin kanta ne zai kashe ta, maganar da har gobe nake nadamarta. A rana ta huɗu da hantsi ta ce tana jin warin jikinta, ta kasa salla da shi, ta fara hawaye. Na kasa jurewa.

Na ɗumama ruwa, na rufe ƙofa. Na ce a raina ai ba ta fi damin dawa nauyi ba, a hankali zan bi. Na sa hannuwana a ƙarƙashin hammatarta, na yi bisimilla, na ɗaga. A tafin hannuna na fara jin ƙas ɗin haƙarƙarinta kafin kunnena ya ji.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta cije leɓe, ta ce, "Kada ki faɗa wa yayanki ke ce. Ki ce tari na yi."