Jan biron malamar Turanci

Babana bai yi boko ba, amma yana da hanyarsa ta duba littafi. Duk ƙarshen wata idan ya kawo masara Jalingo daga garin Mutum Biyu, sai ya biyo gidan kawuna a unguwar Sarkin Dawaki, inda nake zaune ina sakandare, ya ce in kawo littattafaina. Shafi shafi yake buɗewa yana neman ja. A wurinsa jan biro kuskure ne, magana ta ƙare.

Ana haka aka kawo mana sabuwar malamar Turanci, wadda ba ta san ta ja layi ta wuce ba. Idan ka rubuta insha'i, sai ta cika gefen takarda da ja: nan ka burge ni, nan ƙara bayani, wace ce wannan tsohuwar mai sayar da kunu? Wanda ya fi zuba zance shi ya fi shan ja. Ni kuwa akwai surutu a takarda.

Da Baba ya ga littafin, sai da ya gyara zama.

"Wannan duk laifi ne?"

"Baba, yabo ne a ciki."

"Yabo da ja? Kar ka maida ni yaro. In na dawo na tarar da haka, ka tattara mu koma gona. Dama hannu muke nema."

Watan nan ban ji daɗin duniya ba. Ko motar masara na hanga a kasuwa sai in canza hanya. Kunya ta hana ni gaya wa malama cewa ubana ba ya karatu, sai na yi dabarata. Na daina ba da labari. Layi biyar, gajeru, babu tsohuwa babu kunu, babu abin da za a tambaya.

Dabarar ta ci. Ranar da Baba ya dawo, ya yi ta buɗe shafukan, fes da su. A na ƙarshe ne kawai ya tarar da layi ɗaya na ja. Da Turanci ta rubuta: "Ina yaron da nake jin daɗin karanta rubutunsa ya tafi?"

Ya ɗora yatsa a kai. "Nan fa, me ta ce?"

"Ta ce na gyaru."

Ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Ci gaba da haka." Na ci gaba kuwa, har na gama makarantar.