Hanyar da Na Buɗe a Ƙarƙashin Titin Mina

A shekarun da nake tura kura a bakin mina, wato tashar jiragen ruwa ta Jidda, babu abin da ya fi ci mini rai irin babban titin da ya raba tashar da unguwanninmu. A unguwar Hindawiyya aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Idan lokacin saukar alhazai ya yi, titin nan cushewa yake da manyan motoci. Sai ka tsaya da kura cike da kaya, rana na dukanka, ga tsallaken titi kana gani amma ba damar ƙetarawa.

Wata rana da la'asar muna shan shayi, wani Bahaushen Sudan mai aiki a jirgin ruwa yake ba mu labarin garuruwan da ya gani. Ya ce akwai inda jirgin ƙasa yake tafiya a rami ƙarƙashin gari, kuma idan layi ya tsufa aka daina amfani da shi, ba sa barin ramin a banza, sai su mayar da shi hanyar motoci. Kowa ya jinjina kai ya ci gaba da shan shayinsa. Ni kaɗai na tashi da maganar a raina, domin na san mu ma muna da namu ramin.

Lokacin da ake gina tashar, an shimfiɗa wani ɗan siririn layin dogo da ke kawo duwatsu. Inda ya haɗu da babban titi sai aka haƙa masa hanya ta ƙasa, aka rufe da siminti. Da aiki ya ƙare aka kwashe ƙarafan, aka bar ramin ga shara da kyanwoyi. Tun muna yara muke jefa dutse a ciki mu gudu.

Na je na sami kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sayar da ruwa a ganga bisa amalanken jaki. Mutum ne marar yawan magana. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa da tsinke.

"Wa ya ce maka a buɗe?" ya tambaye ni.

"Babu wanda ya ce a rufe, Kawu."

Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "To, ai kai ne muhandis." Injiniya ke nan a bakin mutanen Jidda. Ban gane zolaya ba ce, na ɗauka naɗi ne. Na koma gida na gaya wa matata, ta ce Allah ya sanya albarka, amma in riƙa cire takalma a waje idan na dawo daga ramin.

Muka yi ta kwasar shara ni da Kawu, bayan sallar asuba kafin a fara aiki. Mun fitar da tsummokara da gwangwanaye da ƙashin akuya. Na auna faɗin ramin da igiya, na auna kurata, na auna amalanken Kawu, duk suka shiga, har da ɗan sauran wuri. Na rataya fitila a tsakiya, inda ramin ya yi lanƙwasa har ba ka hango ɗaya bakin. A kwanakin nan tafiyata ma ta canza. Na sayi fensir na maƙala a kunne, ko da yake ban rubuta kome da shi ba.

Ranar buɗewa na samu kayan wata dattijuwa da ta sauka daga jirgi tare da ayarinsu. Akwatunan ƙarfe ne, da buhun gero, da buhun daddawa da kuka da ta ce guzurinta ne na zaman Makka. Na loda, na ce mata, "Hajiya, yau za ki bi hanyar da ba a taɓa bi da alhaji ba."

Ta leƙa bakin ramin ta ce, "Ɗana, ni da na yi kwanaki a kan ruwa, yanzu kuma ƙarƙashin ƙasa za ka kai ni?"

"Yanzun nan za mu fita, Hajiya."

Ta yi bisimilla ta biyo ni, riƙe da butarta. Kura na tafiya tana tsalle a kan katakan layin da muka kasa tonewa, motoci na ruri a saman kanmu. Ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Har na fara tsara abin da zan faɗa idan mutanen baladiyya, hukumar gari, suka zo yi mini godiya.

Muna isa lanƙwasa sai na ga kunnuwan jaki a hasken fitila. Kawu ne, da gangarsa cike da ruwa, ya shigo ta ɗaya bakin. Duk duniya mu biyu ne muka san an buɗe hanyar nan, kuma ga mu hanci da hanci a tsakiyarta. Na auna kura, na auna amalanke, amma ban taɓa auna su tare ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Muhandis, ina za mu bi?"

Na ce ya ja da baya. Ya ce in gaya wa jakin. Jakin kuwa ya kafe, ya sunkuyar da kai yana shinshinar buhun geron Hajiya. Ni ma na gwada ja da baya, sai ƙafar kurar ta faɗa tsakanin katakai biyu ta maƙale. Na tura, na ja, na yi gumi, ko motsi.

Nan na sake kawo wata dabara. Na ce a sauke kayan Hajiya a ƙasa don kura ta yi sauƙi, Kawu kuma ya zubar da ruwan gangarsa, mu kwance jakin mu tura amalanken baya da hannu. Kawu ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya zare toshiyar gangar.

Ruwa ya nufi inda ya fi gangare, kuma nan ne daidai inda na jera buhunan. Kafin in kai hannu ya sha gero, ya sha kuka, ya jiƙa daddawa sharkaf. Wanda bai taɓa shaƙar jiƙaƙƙiyar daddawa a rufaffen rami da zafin Jidda ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Jakin da ya ƙi motsi saboda maganarmu, da warin ya buge shi sai ya yi atishawa ya ja da baya da kansa.

Hajiya ta hau kan akwatinta ta naɗe ƙafafu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗana, a gidanku kai ne babba?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Allah ya ba iyayenka haƙuri."

Sai bayan azahar muka fito, ta bakin da Kawu ya shigo, shi yana jan jaki da baya-baya, ni ina ɗauko akwatuna ɗaya bayan ɗaya a ka. Abokan tafiyar Hajiya da suka bi titin sama sun daɗe da isa masauki, har sun yi wanka. Mahaifiyata ce ta gyara abin. Ta haɗa wa Hajiya daddawa da kuka daga nata ajiyar, ta shanya geron a kan soro, ta kuma riƙe ta kwana biyu a gidanmu. Ina jin su daga tsakar gida suna dariya, da na shigo sai su yi tsit.

Na cire fensir daga kunne, na koma jiran titi da kurata kamar kowa. Amma ramin bai koma ga kyanwoyi ba. Da warin ya lafa sai masu kekuna suka gano shi, sannan leburorin mina masu tafiya a ƙasa, sannan mata masu zuwa sayen kifi. Su da kansu suka fito da ƙa'ida: kafin ka shiga ka tsaya a baki ka yi kira, "Tarig, tarig," wato a ba da hanya, idan ka ji an amsa daga can sai ka jira. Wani mutumin Yaman ya kafa teburin shayi a bakin ramin, yana share wurin yana zuba wa fitila kananzir. Ba a daɗe ba aka fara kiran wurin da ramin mai shayi.

Bayan wasu shekaru aka zo faɗaɗa titi, baladiyya ta turo motoci su cike ramin da ƙasa. Lokacin na bar tura kura, ina aiki a wani sito. Na ɗauki uzuri na je kallo. Mutane sun taru, wani saurayi a gefena yana gaya wa abokinsa cewa mai shayin nan ne ya buɗe hanyar tun da can, mutum mai basira. Na gyara murya na ce ba haka aka yi ba, ni ne.

Saurayin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, ya ammi," wato baffa, "ka san wanda ake cewa ya jiƙa wa wata hajiya daddawa a ciki?"

Na ce na ji labarin, amma ban san mutumin ba. Direban motar ya danna oda, ya leƙo ya ce mu matsa, yalla, wato maza-maza, zai juye ƙasa. Muka matsa.