Usur Ɗin da Baba Bai Busa Ba

Ina shafa wa ɗana man shanu a kumburin da ya fito masa a goshi, sai ƙanshin ya mayar da ni zauren gidanmu a Kankia, inda Baba ke zama da ƙwallo a cinya yana mulke ta da irin wannan man don kada fatar ta tsage.

Ba irin ƙwallon da ka sani ba ce, mai karatu. Doguwa ce kamar ƙwai, kuma a hannu ake gudu da ita. A bariki Baba ya koyi wasan wurin Turawa lokacin yana soja. Da ya dawo gida aka ba shi aikin koya wa yaran elementare motsa jiki, amma hankalinsa na kan samarin gari. Baduku ya ɗinka masa ƙwallon, mahauci ya ba shi mafitsarar bijimi aka hura a ciki. Ya koya musu cewa baya ake miƙa ta, ba gaba ba, kuma mai gudu a ƙugu ake rungumarsa a kayar. Mutane suka raɗa wa abin zari-ruga.

Dattawa ba su so ba. Suka ce wannan ai faɗa ne aka sa wa ƙwallo a tsakiya. Baba ya hau kekensa ya yi ta zagaye, Kafinsoli, Ƙofa, Kaikai, yana durƙusawa gaban dagatai. Alkawari ɗaya yake yi musu ko'ina: ɗan kowa ya faɗi bai tashi nan take ba, zai busa usur, wasa ya tsaya, a fitar da yaron. Da wannan alkawarin suka ba shi 'ya'yansu. Kuma ya riƙe shi. Na ga ya tsayar da wasa don ɗan wanzami ya yi haɓo, samari suna ta gunaguni.

Da kaka ake yi, in an kwashe gero. A tumɓuke tushiya, a ja layi da toka. Shi ne mai koyarwa, shi ne alƙali, shi ke raba ranaku tsakanin garuruwa. Inna takan ce ko a barci ƙafarsa gudu take yi.

Yayanmu, ɗan farinsa, ya fi kowa gudu a Kankia. Ka dai san al'ada. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “yaron nan”. Ko a fili zai yaba wa kowa, in an zo kansa ya kau da kai. Mu a wurinmu haka uba yake.

Ranar da 'yan Kusada suka zo, ina gindin tsamiya da sauran yara mata. An shimfiɗa wa dagatai tabarmi a inuwa. Bayan la'asar Yaya ya zari ƙwallo ya ruga, wani dogon Bafulatani daga Kaikai da ke ɓangaren 'yan Kusada ya tare shi a ƙugu. Kamun ba laifi. Amma ƙeyar Yaya ta bugi busasshiyar ƙasa, har inda nake na ji ƙarar. Bai tashi ba.

Usur na bakin Baba. Wallahi na ga kumatunsa sun cika da iska. Sai ya ga ko wane ne a kwance, ya dubi wajen tabarmin manya, ya zare usur ɗin daga baki. Ya ɗaga hannu a ci gaba. Na ji wani dattijo yana cewa mutumin nan akwai kunya.

Yaya ya miƙe yana tangaɗi ya koma cikin layi. Aka sake miƙa masa ƙwallo, aka sake kayar da shi. Bafulatanin nan ne ya bar wasa, ya zauna a ƙasa ya tallafi kan Yaya.

“Malam, ɗan nan ba ya gani fa,” in ji shi. “Ka busa mana.”

Sai a sannan Baba ya busa.

Yaya bai mutu ba. An kai shi asibiti a Katsina, ya dawo da hannun hagu a shanye, maganarsa tana fita da ƙyar. Da wata kakar ta zagayo, 'yan Kusada suka aiko a sa rana. Baba ya ce a gaya musu ba shi da usur. Ƙwallon kuwa, ya ba baduku ya farke ta ya yi wa gugan gidanmu faci. Tun daga nan shi ke ba Yaya abinci a zaure, yana kiran sunansa a gaban kowa. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi.

Ni aka kai ni makarantar 'yan mata, har na karanta abin da bugun kai ke yi wa mutum. Na ɗauka na wuce irin wannan kunyar.

Yau da hantsi, a gidan surukaina a Kusada, ɗana na fari ya hau turmi ya faɗo da ka. Bai yi kuka ba. Uwar mijina na zaune, matan gida na sussuka. Ni kuwa na tsaya. Ina kallonsa, ina kuma jin idanunsu a kaina, ina jiran wata ta ɗauke shi, don uwar ɗan fari ba ta rawar jiki a gaban surukai. Ban san iya tsayuwar da na yi ba. Sai na ji kamar ƙarar ƙeyar Yaya, na ruga na sure shi ina kiran sunansa da ƙarfi har ya tsanyara kuka.

Matan suka yi dariya. Uwar mijina ta ce, “Oh, 'yan boko. Yanzu har suna ake kira?”

Na ce, “Ana kira, Inna.”

Yanzu yana barci a cinyata, ni kuma na kasa barinsa ya yi. Jim kaɗan in tashe shi, in kira shi, in ga ya buɗe ido ya gane ni. Ba faɗuwarsa ce ke damuna ba. Tsayuwar nan tawa ce. A da na yi zaton Baba ya daɗe yana shawara a filin nan, ashe abin ba ya ba mutum lokacin shawara. Gobe in Allah ya kai mu zan goya shi mu tafi Kankia. Ina so in zaunar da shi kusa da Yaya a zaure, in kira sunansa Baba yana ji.